Birkin wata tsohuwar Datsun 260Z a Birnin Kebbi: wata tara ana neman bakin zaren

Motar da irin birkinta

Datsun 260Z ce ƙirar 1975, mai ƙofa biyu da kujera biyu, doguwar bonet, da injin silinda shida a jere. Kamfanin Nissan na Japan ne ya ƙera ta, a zamanin da yake sayar da motocinsa a ƙasashen waje da sunan Datsun. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 sun san Datsun 120Y da ta cika tashoshi tana tasi. Wannan 'yar uwarta ce ta gudu, wadda ko a wancan lokacin ba kasafai ake ganin irinta a Arewa ba.

Mahaifin mai motar ma'aikacin gwamnati ne a tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma hannu na biyu ya saye ta. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991 sai ya dawo gida da ita. Yakan fito da ita ranar Juma'a da ranar Sallah, har ƙafa ta fara gaza masa, aka tura ta ƙarƙashin wata rumfar kwano a cikin gida. Ta yi kusan shekara goma a nan ba a motsa ta ba. Bayan rasuwarsa, a rabon gado, ta faɗo hannun ɗansa na uku, ɗan kasuwar shinkafa mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda a cikinta aka riƙa kai shi makarantar firamare.

Birkinta mai sauƙin fahimta ne. A gaba faifai ne na ƙarfe zalla, marar ramukan shan iska a tsakiya, kalifa, wato matsen da ke rungume da faifan, mai fistin biyu na matse shi. A baya duram ne na alminiyam mai haƙarƙari a jiki don zafi ya riƙa fita, da layinin biyu a ciki, wato takalman da ke gogar cikin duram. Masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu, mai ɗaki biyu ce, ɗaya na ƙafafun gaba ɗaya na baya, faɗin bakinta inci 7/8. Tana ɗaure ne a jikin busta, baƙar tukunyar nan da ke aron zuƙar inji ta ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Tsakanin bututun ƙarfe da kowace ƙafa akwai ɗan tiyo na roba, huɗu ke nan. Babu ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa, babu kwamfuta.

A watan Oktoban 2023 aka tashi injin. An wanke tanki, an gyara kafireta, an sa sabon batir, an yi fenti. Birki kuwa murfin masta kawai aka buɗe, aka ga mai ya yi ƙasa, aka ƙara. Da aka taka feda motar tana tsaye aka ji ta da tauri, sai aka wuce wurin.

Nuwamba 2023: alamar farko

A fita ta huɗu ne abin ya nuna kansa. Bayan la'asar, a hanyar Kalgo, motar tana kusan kilomita 70 a awa, garken awaki ya keto titi. Mai motar ya taka birki, feda ta tafi kusan ƙasa babu abin da ya kama. Ya ɗaga ƙafa ya sake takawa, a nan ne ta kama, amma ta fizgi sitiyari zuwa hagu, ɓangaren motocin da ke tahowa. Allah ya kiyaye, babu mota a kusa, ko akuya ɗaya ba a taɓa ba. Da giya ta biyu ya lallaɓa ya koma gida.

Washegari ya duba da kansa. Man da aka ƙara a masta ya ragu a ɗaki ɗaya, kuma cikin tayar baya ta dama a jiƙe yake.

Disamba 2023: gyaran farko

Ya kai ta garejin da ke yi masa gyaran motocin kasuwancinsa. Ba a samu fad na ainihi ba, wato abin da kalifa ke mannawa a jikin faifai, sai aka sassaƙa na wata mota har ya shiga. An kwance kalifa biyun, aka wanke su da fetur, aka goge fistin da sanfefa, aka mayar da tsoffin robobin ciki. Silindar baya ta dama da ke yoyo aka sa mata wata roba da ta yi kusa da girman ta ainihi. Aka yi bilidin, wato fitar da iska daga layin mai, a ƙafa uku. Ta huɗun, wato baya ta hagu, nifil ɗinta, ɗan notin da ake sassautawa iska ta fita, ya ƙi kwantuwa saboda tsatsa, aka bar ta don kada ya karye.

Mako ɗaya birki ya yi dama-dama. Ranar da aka ɗauki hanyar Argungu, tun ba a kai rabi ba warin ƙauri ya cika motar. Da aka tsaya, ƙafar gaba ta dama ta yi zafin da aka yayyafa mata ruwa ya ce cuu, ta hagu kuwa ɗumi kawai. Aka jira ta huce aka juyo. A gareji aka ce masta ce, aka sa mata sabbin robobi. Zafin ƙafar dama bai daina ba, ga kuma sabon abu: in ya tsaya a danja ƙafarsa na kan birki, feda takan sulale ƙasa a hankali.

Janairu da Fabrairu 2024: shawarar ƙara ƙarfi

A nan mai motar ya yanke cewa birkin 1975 ya tsufa da zamani, abin da ake bukata shi ne mai ƙarfi. Ya karanta yadda masu irin motar a Amurka da Ingila ke yi. Sanannen abu ne a wurinsu cewa kalifa mai fistin huɗu ta tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, ta farkon shekarun 1980, tana hawa ƙafar 260Z a kan ramukan noti na asali. A jikinta akwai rubutun S12+8. Iri biyu ce, akwai mai faɗin baki ta faifai mai ramukan iska, akwai mai siririn baki ta faifai zalla, kuma wannan ta biyun ce ke dacewa. Da yawansu sukan haɗa da masta mai inci 15/16 ta Datsun 280ZX ƙirar 1979 zuwa 1981.

Kalifa an samo ta gwanjo a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, mai siririn bakin, tare da fad ɗinta. Masta kuwa wani ƙanensa ne ya aiko daga Amurka, ta yi mako biyar a hanya, kuma ta ci kuɗi sosai, don tun watan Yunin 2023 da aka saki farashin naira duk abin da za a saya da dala ya yi tsada. A tsakiyar Fabrairu aka ɗaura duka a garejin nan dai. An ɗan yanke farantin da ke kare faifai daga ƙura don kalifa ta samu wurin zama, wanda dama haka ake yi.

Abin da ya biyo baya ya fi na da muni. Feda takan tafi kashi biyu cikin uku tana laushi kamar an taka soso, sannan birki ya cafke gaba ɗaya lokaci guda har mutum ya kusa buga ƙirji a sitiyari. Jan hagu yana nan. Sau huɗu ana bilidin, kusan lita biyu ta mai ta ƙare, babu canji. Wani ya ba da shawarar a toshe layin baya da ƙusa tunda can ne ake yoyo, mai motar ya ƙi. Wani ya ce a cire duram a mayar da baya ma faifai. Ya mayar da ita ƙarƙashin rumfa, ta yi mako uku.

Maris 2024: bincike kafin a taɓa sifana

Cikin azumin da aka fara ranar 11 ga Maris aka haɗa shi da wani dattijon bakanike, mai shekara kusan saba'in, wanda a Sakkwato ya koyi aiki lokacin da Datsun ke tashe. Ya daina kwanciya ƙarƙashin mota, yakan zauna a garejin ɗansa yana nuna wa yara. Kowa Baba yake ce masa. Ya saurari labarin tun daga awakin Kalgo bai katse ba, sannan ya ce, "Alhaji, kak ka sake sayen komi. Mu auna ta tukun."

Da sassafe aka fita wani miƙaƙƙen wuri marar zirga-zirga a hanyar Ambursa. Aka ja layi da alli, aka daidaita gudu da wayar hannu saboda ba a amince da allurar motar ba, kuma ni ne na riƙe tef ɗin awo. Nisan tsayawa daga kilomita 60 a awa, sau uku: mita 37, mita 39, mita 38. Kowane karo motar takan kauce hagu fiye da taku ɗaya.

Da aka ɗaga ta aka cire tayoyin gaba, Baba ya leƙa sau ɗaya ya kira yaron garejin ya ce ya nuna masa nifil. Yaron ya nuna, yana ƙasan kalifa. Haka ɗaya ɓangaren ma. An ɗaura kalifar dama a hagu, ta hagu a dama. Ramukan notinsu ɗaya ne, don haka kowace tana shiga kowane gefe lafiya lau, bambancin kawai inda nifil zai kalla. "Iska sama shika hawa," in ji Baba. "Ko durom guda na mai kunka zuba, ba shi sauka ƙasa shi hita." Iskar da ta taru a saman ɗakunan fistin ita ce laushin soson nan. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka rabin tafiyar feda a matse iska take ƙarewa.

Cafkewar lokaci guda kuma daban take, kuma ita ce ta fi ɗaukar lokaci. Baba ya gwada busta yadda aka saba: inji a kashe, a taka feda sau biyar a riƙe, a tayar da inji. Feda ta ɗan nutse, alamar busta na ja. Duk da haka ya sa aka cire masta, ya zaro sandar da ke fitowa daga busta ta tura ta, ya haska ramin da tocila. Babu komai a gindinsa. A wurin ya kamata a ga wani ɗan faifan roba, faɗinsa bai kai kwabo ba. Aikinsa shi ne raba ƙarfi tsakanin ƙafar direba da busta, ta yadda taimakon busta zai riƙa ƙaruwa daidai da takun mutum, kuma direba ya ji a ƙafarsa iya abin da ke faruwa a ƙafafun mota. In ya faɗi, sanda takan rasa ɗan tsawon da yake ba ta, feda ta yi nisa, sannan busta ta zubo duk ƙarfinta a tashi ɗaya. Cuta ce da aka san waɗannan motocin da ita: in an cire masta aka bari sandar ta biyo ta, faifan yakan zame ya faɗa cikin tukunyar. Aka kwance busta aka girgiza, aka ji abu yana motsi a ciki. Da ƙyar aka fito da shi da lanƙwasasshiyar waya, aka manna shi a gindin sandar don kada ya sake faɗawa.

Zafin ƙafar dama an gano shi cikin minti biyu. Aka taka birki da ƙarfi aka saki, ƙafar hagu ta juya da hannu, ta dama ta ƙi. Aka ɗan sassauta nifil ɗinta, mai ya yi tsartuwa, nan take ta saki. Ke nan ba kalifa ce ke riƙewa ba, mai ne ya shiga ya kasa komawa. Daga baya, da sabon tiyo ya iso, aka cire tsohon aka yanka shi biyu. Daga waje lafiyarsa ƙalau, a ciki kuwa robar ta kumbura ta ruɓe, ramin ya kusa toshewa. Irin wannan tiyo yakan jinkirta mai wajen shiga, sai ƙafar hagu ta riga kamawa mota ta ja hagu. Yakan kuma hana shi komawa, sai fad ya zauna a manne da faifai yana ta ƙuna. Duka huɗun babu alamar an taɓa canza su.

A baya ma akwai aiki. Silindar ƙafar bayan wannan ƙirar fistin ɗaya gare ta, kuma ba a kafe take ba. An yi ta ne ta riƙa zamewa a cikin wani tsagi a jikin farantin baya: fistin ya tura layinin ɗaya, jikin silindar ya ja baya ya tura ɗayan. Tsatsa da ƙurar hunturu ta shekara goma sun kafe duka biyun. A hagu fistin ma ya maƙale gaba ɗaya, ƙafar ba ta yin birki sam. A dama layinin ɗaya ne ke taɓawa, shi ma ya sha man da ke yoyo har ya yi santsi. Haƙoran da ke matso da layinin kusa da duram duk lokacin da aka ja hambirki su ma sun daskare, shi ya sa tun a Nuwamba sai an taka sau biyu. Man da ya fito daga layin baya baƙi ne kamar shayin da ya kwana.

Aka buɗe tsoffin kayan da aka cire. Robobin kalifa na asali sun kumbura sun yi laushi, wanda haka robar birki ke yi in fetur ko kananzir ko man inji ya taɓa ta. Cikin tsohuwar masta kuma tsatsa ta yi ƙananan ramuka a ƙasa, inda ruwa ya kwanta shekaru, don haka ko wace sabuwar roba aka sa sai mai ya zille ta gefenta.

Daga ƙarshe Baba ya tambayi shekarun tayoyin. Zanensu bai cinye ba, shi ya sa ba a kula ba. A gefen kowace taya akwai lambar mako da shekarar da aka yi ta, kuma tun shekarar 2000 lambar huɗu ce, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Biyu daga cikinsu na 2009 ne. Sauran biyun lamba uku gare su, wato sun girmi shekarar 2000. In aka danna su da farce kamar itace.

A ranar aka musanya kalifa kowace ta koma gefenta, aka mayar da busta, aka yi bilidin. Ba a sayi komai ba sai gwangwanin mai ɗaya. Awo ya sauko zuwa mita 30, feda ta yi tauri tun daga sama, cafkewar ta tafi. Jan hagu ya rage sai an samu tiyo.

Afrilu 2024: gyara bi da bi

Kayan da aka yi oda sun iso bayan ƙaramar Sallah: tiyo huɗu, silindar baya biyu, layinin, da kuma fistin da robobi da fad na kalifar asali, waɗanda Baba ya nace a haɗo da su ko da ba a yi niyyar mayar da ita ba.

An auna faifan gaba, milimita 11.6. Sabo 12.5 ne, iyakar da aka yarda 10.5, don haka aka bar su. Cikin duram ya ba da 229.3, iyakarsa 230, su ma aka bar su bayan an goge. Aka kankare tsagin farantin baya aka shafa ɗan giris ɗin birki har silinda na zamewa da yatsa. Wani bututun ƙarfe na baya ya ci tsatsa, yaro ya kawo bututun tagulla na masu gyaran firij. Baba ya mayar da shi, saboda tagulla zalla takan yi tauri da jijjiga ta tsage, aka nemo na ƙarfe aka yi masa baki mai ninki biyu.

Mai kuwa DOT 4 aka saya a rufaffen gwangwani, aka kore tsohon gaba ɗaya, an fara da nifil na jikin masta sannan ƙafar da layinta ya fi tsawo. Dalilin damuwa da mai shi ne yana shan ruwa daga iska. A ƙa'ida sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. In suka sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin 100, sai na farko ya sauko 140, na biyu 155. Ƙafar da ke jan birki kamar ta hanyar Argungu tana iya kai mai can, kuma in ya tafasa tururi ne ke cikin layi, feda ta tafi ƙasa. Akwai DOT 5 na silikon, wanda ba a haɗa shi da waɗannan, ba a ma kawo shi cikin lissafi ba.

An yi kuskure ɗaya a wannan zagayen. Sandar busta tana da daidaitawa a bakinta, kuma sabuwar masta na bukatar a sake saita ta. Da farko an bar ta ta ɗan yi tsawo. Bayan kilomita takwas motar ta fara nauyi, ƙafafu huɗun duk suka ɗau zafi, domin sandar ta hana fistin masta komawa ƙarshe, ɗan ramin da mai ke komawa tanki ta cikinsa ya rufe. A bakin hanya aka sassauta notin masta, ƙafafun suka saki. A gareji aka rage sandar har aka bar ɗan sarari kamar kaurin takarda biyu.

Aka zaunar da sabbin layinin da fad ta hanyar rage gudu daga 60 zuwa 10 sau goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan aka bar su suka huce a kan tafiya. Awo: mita 25, a miƙe. Amma ƙafafun gaba suna saurin kullewa suna ja a kwalta. Da aka sa sabbin tayoyi huɗu masu inci 14, awo uku suka ba da 21, 22, 21.

Mayu 2024: gwada tsohuwar kalifa da sabuwa

Baba ya haɗa kalifar asali da sabbin kayanta ya ce a ɗaura ta yini ɗaya a gani. Kafin nan ya auna fistin. Ta asali milimita 54 ne, ɗaya a kowane gefe. Ta Toyota biyu ne a kowane gefe, 43 da 34. In aka lissafa faɗin fuskar da mai ke turawa, ta Toyota ta ɗara da kusan kashi 3 cikin 100 kacal. Abin da ta fi shi ne girman fad da nauyin ƙarfe. Masta mai 15/16 kuwa ta fi mai 7/8 faɗin fuska da kusan kashi 15, ma'ana feda ta fi gajeren zango, amma sai ƙafa ta ƙara ƙarfi da kusan wannan adadin kafin a samu matsi iri ɗaya.

A tsayawa ɗaya daga 60, kalifar asali ta ba da 22, 21, 22. Sai aka yi gwajin zafi da tsakar rana, a lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40: tsayawa goma a jere daga kilomita 80, babu hutu. Da ta asali, daga ta bakwai feda ta fara neman ƙarin ƙarfi, wari ya tashi. Da ta Toyota sai a ta goma aka ji haka. Mai motar ya zaɓi a bar ta Toyota.

Yuli 2024: bayan saukar damina

Saura gwaji ɗaya da ba ya yiwuwa sai an yi ruwa. Duk wanda ya taɓa birkin gaba ko na baya ya taɓa rabon aiki a tsakaninsu, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta ake ganin gaskiyarsa. In ƙafafun baya suka riga kullewa, gindin mota yakan juyo. Da safe bayan ruwan dare aka koma wurin awon, aka taka da ƙarfi daga 40, sannan daga 50. Gaba ne ya fara kullewa, motar ta tafi a miƙe. A makon aka je Jega aka dawo, aka je Argungu aka dawo, ana tsayawa ana taɓa ƙafafu. Ɗuminsu dama da hagu ɗaya ne, mai bai ragu ba.

Abin da lamarin ya nuna

Mita 17 aka rage tsakanin Maris da Afrilu. Takwas daga ciki sun fito ne daga warware kurakuran da aka yi wajen ɗaura sabbin kayan, biyar daga tiyo da birkin baya da mai, huɗu daga taya. Kalifar da aka je Kano aka sayo ba ta rage ko mita ɗaya da za a iya rantsewa a kai ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Da zarar birki ya kai ƙarfin da zai kulle ƙafa, nisan tsayawa ya koma hannun taya da kwalta, kuma a busasshiyar kwalta mota mai gudun 60 dama wajen mita 20 take bukata. Amfanin kalifar Toyota yana cikin jure zafi, kuma amfani ne na gaske ga mai saukowa gangaren duwatsu ko mai gudu yana yawan taka birki. A shimfiɗaɗɗun hanyoyin Kalgo da Argungu da wuya a kai ga wurin da za a ji shi.

A ganina kuskure mafi tsada shi ne na Janairu, kuma ba sayen kayan ba ne kuskuren, lokacin sayensu ne. Motar tana da cuta biyar da ba a gano ba, aka ɗora mata sabbin kaya, suka zo da nasu biyu, alamomin suka cakuɗe har ba a iya cewa wannan daga nan yake. An bar jaki ana dukan taiki, kamar yadda Baba ya faɗa ranar da ya yanka tiyon. Ban ga laifin mai motar sosai ba, don mutumin da feda ta taɓa tafiya ƙasa da shi dole ya so abin da ya fi ƙarfi. Garejin farko ma ba mugunta suka yi ba, motocin da suka saba da su kullum a kan hanya suke, ba sa zama shekara goma robobinsu su mutu a tsaye. Abin da ba zan yi wa uzuri ba shi ne wanke kayan birki da fetur, da barin ƙafa guda ba a yi mata bilidin ba ba tare da an gaya wa mai mota ba, da shawarar toshe layin baya da ƙusa. Waɗannan rai suke ci.

Masta ta 280ZX ta zauna ne don tsohuwar ta lalace, ba don an bukaci girmanta ba, kuma mai motar ya ce har yanzu yana jin nauyin fedar in ya sauko daga wata motar ya shiga wannan. An rubuta watan Afrilun 2026 a cikin bonet don canjin mai. Kalifar asali tana naɗe a kwali a ɗakin ajiya. Yana fito da motar duk Juma'a, yana kuma jan hambirki sau da yawa kafin ya tashi don haƙoran baya su riƙa motsi. Wayar hambirkin ce kawai ba a samu ba tukuna: ta miƙe, sai an ja ta har ƙarshe take riƙewa, don haka in ya yi fakin a gangare yakan bar motar a giya ta ɗaya.